Hukuncin rage bashi don a biya kafin wa'adi

Tambaya: Malam, na ba wani abokin cinikina atamfa ta naira dubu 500 bashi a Kantin Kwari, zai biya bayan wata uku. Wata ɗaya da yin haka sai buƙata ta taso mini, na ce ya kawo dubu 450 yanzu, na bar masa hamsin. Wani ya ce mini wannan kuɗin ruwa ne. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya. A kasuwa kowane ragi rangwame muke ce masa, amma a fiƙihu ragin bashi iri biyu ne.

In wa'adi ya cika ka yafe wani abu, wannan sadaka ce, babu saɓani. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Buhari da Muslim sun ruwaito.

Naka kuwa wa'adi bai yi ba. Shi ne malamai ke kira "ɗa' wa ta'ajjal", wato rage ka karɓa da wuri. Imamu Malik ya hana, ya kawo hanin daga Ibnu Umar da Zaidu ɗan Sabit a Muwaɗɗa, haka nan Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta hana. Hujjarsu ita ce an yi wa lokaci farashi: dubu hamsin ɗin kuɗin wata biyun da suka rage ne. Wanda ya gargaɗe ka ba da ka ya yi magana ba.

Ibnu Abbas ya halatta, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka bi shi. Suka ce kuɗin ruwa nauyi yake ƙara wa wanda ake bi bashi a wuya, wannan kuwa sauke masa nauyi yake, kai ma ka samu biyan buƙata. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zaɓi haka a zamanta na Jidda a 1992.

Wannan ra'ayi na biyu na fi natsuwa da shi, bisa sharaɗi biyu. Kada ya zama kun ƙulla ragin tun ranar ciniki. Kuma ya tsaya tsakaninku ku biyu: in wani ne na uku zai ba ka dubu 450 ya je ya karɓi 500 daga baya, wannan haramun ne. In abokin cinikinka ya amince, ku gyara rubutun bashin a gaban shaidu.

Wallahu a'alam.