Tambaya da Amsa: Tsohuwar ƙwayar Linux ta ƙi harhaɗuwa da sabon GCC

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kuma ina aikin ƙarshen karatu a kan wani ƙaramin allo mai injin ARM wanda ya zo da ƙwayar Linux 4.14, wato jigon tsarin Linux da ke sarrafa kayan allon. A tsohuwar kwamfutata mai Ubuntu 18.04 tana harhaɗuwa ba tare da matsala ba, amma da na koma Ubuntu 24.04 sai aikin ya riƙa tsayawa da saƙon "multiple definition of yylloc", alhali ban taɓa ko layi ɗaya ba. Mene ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu abin da ya lalace a kwamfutarka. GCC shi ne ke harhaɗa rubutun tushe, wato ya mayar da shi umarnin da inji ke ganewa. Ubuntu 18.04 yana zuwa da GCC 7, shi kuwa 24.04 yana zuwa da GCC 13, kuma a tsakaninsu masu kula da wannan manhaja ta harhaɗawa sun daina kau da kai daga wasu kurakurai da suka daɗe a kwance cikin rubutun tushe.

Kuskuren da ka ambata ya samo asali ne daga GCC 10 na shekarar 2020. Kafin wannan fitowa, idan fayil biyu suka ayyana suna ɗaya a matsayin ma'ajin bayani ba tare da ƙimar farko ba, GCC yakan haɗe su su zama abu ɗaya, aiki ya wuce. Daga GCC 10 aka mayar da -fno-common ya zama tsarin asali, saboda haka kowane fayil yake riƙe da nasa, mai haɗa gutsattsarin kuma ya tarar da suna ɗaya a wuri biyu ya tsaya. Sunan yylloc yana cikin dtc, ƙaramar manhajar da ke fassara bayanin kayan allonka zuwa sigar da ƙwaya take karantawa. Gyaran da masu kula da Linux suka yi shi ne goge layin "YYLTYPE yylloc;" daga scripts/dtc/dtc-lexer.l. A 4.14 akwai kwafin wannan layi cikin dtc-lexer.lex.c_shipped, kuma shi ne ake harhaɗawa, don haka wanda ya gyara na farko kaɗai zai sake ganin saƙon nan. Ka lura kuma cewa dtc a kan kwamfutarka take aiki, ba a kan allon ba, saboda haka GCC na kwamfutar ne ke harhaɗa ta. Canza na ARM da kake nunawa da CROSS_COMPILE ba zai taɓa wannan matsala ba.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Da GCC 5 ya fito a 2015, tsofaffin ƙwayoyi sun tsaya suna neman fayil mai suna compiler-gcc5.h wanda babu shi, kuma a wannan fitowa ne aka sauya ƙa'idar harshen C ta asali zuwa gnu11, abin da ya sa aka rubuta -std=gnu89 ƙarara a Makefile, wato fayil ɗin da ke tsara yadda za a harhaɗa ƙwayar, domin a ci gaba da bin tsohuwar ƙa'ida. A 2025 GCC 15 ya koma ƙa'idar C23, inda bool da true da false suka zama kalmomin harshen kansa, sai wasu sassan ƙwayar da ke ayyana su da kansu suka ƙi harhaɗuwa har sai da aka yi musu faci.

Shawarata ita ce ka fara da duba lambar da ke bayan 4.14 a saman Makefile. Reshen 4.14 ya ci gaba da karɓar gyare-gyare har zuwa 4.14.336 a watan Janairun 2024, kuma facin yylloc yana cikinsu. Kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan alluna sukan ɗauki fitowa ɗaya, su ƙara nasu direbobi, su bar ta a nan. Idan haɗa ta da ƙarshen reshen ya yi wuya saboda waɗannan ƙare-ƙare, sai ka riƙa ɗauko faci ɗaya-ɗaya daga ma'ajiyar kernel.org, kowane kuskure da facinsa. Wannan ya fi sauƙi ga aljihu ma, domin faci layuka ne kaɗan, ba zai ci maka kuɗin intanet ba.

Ƙara -fcommon a HOSTCFLAGS, wato zaɓuɓɓukan da ake ba GCC na kwamfutar, ma yana wuce da aikin, kuma ban ga laifinsa ba a nan tunda manhajojin da ke aiki a kan kwamfutar irin su dtc kaɗai ya shafa, ba ƙwayar kanta ba. Abin da ba na so shi ne al'adar rufe bakin GCC gaba ɗaya da zarar ya yi gargaɗi. Wasu gargaɗin surutu ne, amma wasu suna nuna wurin da rubutun ya dogara da halin tsohon GCC, kuma sabon yana iya tsara umarnin injin ta wata hanya dabam. An ga haka a GCC 10 ɗin nan: a kan injin x86 ƙwaya takan harhaɗu lafiya ƙalau, amma ta faɗi tun tana tashi, saboda wani saɓani da ya shafi kariyar da GCC ke sanyawa a ma'ajin ayyuka, har sai da aka gyara a Linux 5.7. Don haka bayan harhaɗawa ka ɗora ta a allon, ka haɗa wayar siriyal, ka karanta saƙonnin tashi tun daga farko, kuma ka ajiye tsohuwar ƙwayar da ke aiki a wani katin ajiya dabam.

Idan ranar gabatar da aikinka ta matso, kada ka ji nauyin komawa tsohon GCC. Ubuntu 24.04 yana ba ka damar sanya gcc-9 kusa da na 13, sannan ka kira make da HOSTCC=gcc-9. Ka rubuta a rahotonka fitowar GCC da ka yi amfani da ita, ta kwamfuta da ta ARM duka, domin malamin da zai duba aikin ya iya maimaita shi a tasa kwamfutar.