Gidajen Attajiran Auduga a Natchez: In Je Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Amurka ganin ɗana da ke karatu a Baton Rouge. Ya ce zai kai ni garin Natchez mu ga tsofaffin gidajen da aka gina kafin yaƙin basasarsu. Na ji an ce da gumin bayi aka gina su, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In je? Hajiya, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki je, tafiyar ba ta wuce awa biyu a mota ba. Amma abin da kika ji gaskiya ne. Natchez na kan tudu a bakin kogin Misisipi, kuma arzikinsa na auduga ne, bayi suka noma ta.

Don haka ki ce wa yaron ya fara tsayawa da ke a Forks of the Road. Mararraba ce da babu wani gini na a-zo-a-gani, sai alluna da sarƙoƙi da aka dasa cikin siminti. Nan ce kasuwar bayi mafi girma a yankin bayan ta New Orleans.

Daga nan sai Longwood, wanda ni shi na fi so ki gani. Gida ne mai kusurwa takwas da ƙubba a sama, wani attajirin auduga mai suna Haller Nutt ya sa aka fara shi a 1860. Da yaƙi ya ɓarke a 1861, magina da suka zo daga jihohin arewacin ƙasar suka ajiye kayan aiki suka koma gida. Ƙasan kawai aka ƙarasa, iyalin suka zauna ciki. Saman har yau katako ne tsirara da jan bulo, kuma bayi ne suka gasa bulon. A wani gidan mai suna Melrose kuwa, kada ki tsaya kan madubai da kujerun falo, ki zagaya baya ki ga ɗakunan bayin.

Akwai kuma namu a wannan tarihi. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani ɗan sarkin Futa Jalon, mai karatun Larabci, ya yi shekara 40 yana bauta a gonar Thomas Foster kusa da garin. Sai a 1828 ya samu 'yanci, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba, Allah ya jiƙansa.

Wasu masu zagayawa da baƙi sun fi sakin baki kan labule da kwanukan azurfa. Ki tambaye su kai tsaye, Hajiya: bayi nawa ne suka zauna a gidan nan, kuma mene ne sunayensu?