Amsa ga mai tambaya kan tiyatar ƙuntataccen maƙogwaron yaro

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ɗanki bakwaini ne, ya daɗe da bututun numfashi, yanzu an huda masa wuya an sa bututun da yake numfashi ta cikinsa, kuma likitoci na maganar ɗebo guringuntsin haƙarƙari. Ga yadda abin yake.

Ƙasan tantanin murya akwai zoben guringuntsi da ba ya miƙewa. A jariri faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, don haka idan bututu ya daɗe yana matse shi, wurin yakan yi gyambo ya warke da tabo, hanya ta tsuke. Kumburin milimita ɗaya kacal a nan yana iya cinye fiye da rabin hanyar iska.

Kafin komai sai an sa masa barci an leƙa da na'ura an auna. Mataki huɗu ne: toshewar da ta kai kashi 50, sai 51 zuwa 70, sai 71 zuwa 99, sai rufewa ruf. Ki tambayi matakin ɗanki, domin shi ke yanke hukunci.

Tabo sabo mai laushi akan buɗa shi da balan-balan ta baki, sau biyu ko uku. Wanda ya ƙeƙashe kuwa, sa masa balan-balan ɓata lokaci ne. A nan ake tsaga zoben ta gaba, wani lokaci har ta baya, a sassaƙa guringuntsin haƙarƙarin yaron a cusa tsakani ya riƙe hanyar a buɗe. Idan toshewar ta yi tsanani kuma akwai 'yar tazara daga tantanin murya, yanke wurin ake yi ɗungurungum a ɗinke baki biyun.

Kada a yi gaggawa. In ruwan ciki na tasowa yana ƙona maƙogwaro, ko huhu bai yi ƙwari ba, dashen guringuntsin yana iya ƙin kamawa. Bayan aiki abin da ke ɓaci shi ne tsiron nama a bakin ɗinki, gocewar guringuntsin, shaƙewar murya da ƙwarewa wajen shan ruwa, shi ya sa ake sake leƙawa a kai a kai.

Kafin lokacin, haɗarin yana gida: busasshiyar majina ta toshe bututun wuya, musamman da hunturu. Injin zuƙe majina da bututun canji, ɗaya daidai nasa ɗaya ƙarami, su kwana kusa da kansa, kuma mutum biyu a gidan su iya canza shi.