Amsa: Ko wayar za ta gane maganar Baba bayan shanyewar ɓarin jiki?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko manhajar mayar da murya rubutu za ta gane maganarsa, tunda harshensa ya yi nauyi.

Manhajojin da ke zuwa da waya yawanci ba sa ganewa, domin an horar da su da muryoyin masu lafiyar baki, shi ya sa idan sauti ya ja ko harafi ya haɗiye sai su rubuta wani abu daban. Abin da ya fi dacewa shi ne manhajar da ke koyon muryar mutum guda. Google ya sanar da shirin Euphonia, na bincike kan gane maganar masu matsalar furuci, a 2019, daga cikinsa aka fitar da Project Relate ta Android, wadda mai amfani yake karanta mata jimloli kusan 500 kafin ta saba da lafazinsa, sannan ta rubuta abin da ya faɗa ko ta maimaita shi da murya bayyananniya. Akwai kuma Voiceitt, wata manhajar mai irin wannan aiki. Matsalar ita ce Turanci suka fi ƙwarewa a kai, don haka idan Hausa kaɗai Baba yake yi, kada ki sa rai sosai.

Kafin komai, likita ya tantance ko furuci ne ya samu matsala ko kalmomin ne suke ɓace masa, domin idan na biyun ne, manhajar ba za ta amfane shi ba. Idan za ku ɗauki muryar Baba don horar da manhajar, ku yi kaɗan-kaɗan a ɗaki marar hayaniya, lokacin da ya huta.