Zane da biro: yadda ake sarrafa shi da inda ƙarfinsa ya tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na kai shekara uku ina zane, kuma kusan duk abin da nake zanawa da biro nake yi, domin shi ne kullum a aljihuna. Wani abokina da ya karanci zane ya ce ɓata lokacina nake yi, wai mai son ƙwarewa da fensir yake farawa, tunda biro ba ya goguwa kuma ba ya ba da inuwa. Shin in bar biron ne? In kuwa zan ci gaba, yaya zan sarrafa shi, kuma zanen zai daɗe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bar biron. Abokinka ya yi gaskiya da ya ce ba ya goguwa, sai dai abin da ya ɗauka aibi shi ne babban amfanin biro ga mai koyo. Maganar cewa ba ya ba da inuwa kuwa kuskure ne, kuma za ka gane haka da zarar ka san yadda biron yake aiki.

A tsinin biro akwai ɗan mitsitsin ƙwallo na ƙarfe mai tauri, wanda faɗinsa a biron da aka fi sayarwa bai wuce milimita 1 ba, wasu kuma 0.7. Idan ka ja biron a kan takarda ƙwallon yana juyawa, yana ɗebo tawada daga ciki yana shafa ta a waje. Tawadar mai kauri ce, mai maiƙo, ba ta kwarara kamar tawadar alƙalamin kara. Wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangari, Laszlo Biro, shi ne ya yi wa wannan dabara rajista a 1938, bayan ya lura cewa tawadar buga jarida tana saurin bushewa, ɗan'uwansa Gyorgy, masanin haɗa sinadarai, ya taimaka masa wajen haɗa tawadar. Sunansa ne muke kira har yau duk lokacin da muka ce biro. Daga baya Marcel Bich ya fitar da wani biro mai suna Bic Cristal a Faransa a 1950, ya mayar da shi abin da kowa zai iya saya. Kaurin nan na tawadar shi ne abin da ya shafe ka, domin yana nufin yawan abin da zai sauka a takarda ya danganta da nauyin hannunka. Idan ka danna, layi ya fito baƙi ƙirin. Idan ka sassauta har tsinin yana shafar takarda kawai, layi ya fito dishi-dishi kamar na fensir. Biro mai tawadar jel ba ya yin haka, domin tawadarsa mai ruwa ce, duk yadda ka taɓa takarda, da ƙarfi ɗaya take fita, saboda haka ba shi nake nufi ba.

Ga gwajin da nake fara ba ɗalibaina. Ka ajiye tulu kusa da taga da hantsi, yadda haske zai bugi gefe ɗaya. Ka riƙe biron can baya, kusa da tsakiyarsa, ba kusa da tsini kamar mai rubuta wasiƙa ba, ka ɗan kwantar da shi. Da farko ka zagaye siffar tulun da layuka marasa nauyi, uku ko huɗu a wuri ɗaya ba laifi, har ka ga wanda ya dace da abin da idonka yake gani. Sannan ka duba inda haske ya fi ƙarfi a kafaɗar tulun, ka ƙudurta cewa biro ba zai taɓa wurin ba har ka gama, domin a zanen biro farin takarda shi ne haskenka, kuma in ka rufe shi ba ya dawowa. Daga nan sai ka jera siraran layuka kusa da juna, suna bin lanƙwasar cikin tulun, tun daga gefen haske zuwa gefen duhu. Idan ka gama shimfiɗa ta farko, ka ɗan juya takardar ka sake jera wasu layukan suna gicciye na farko, amma wannan karon ka fara daga tsakiya. Shimfiɗa ta uku ta tsaya a gefen duhu kaɗai, ta huɗu kuma a ƙarƙashin wuyan tulun da gindinsa inda ya zauna a ƙasa. Za ka ga tulun ya kumbura ya fito daga takarda, alhali ba ka danna biron da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawar neman duhu ta hanyar dannawa, wanda yake huda takarda ya bar wani ƙyalli marar kyau. Duhun biro tara shi ake yi sannu a hankali.

Akwai ƙananan abubuwa da suke ɓata aiki. Tawada tana taruwa a gefen ƙwallon, sai ta sauka ɗigo guda a inda ba ka so, don haka ka ajiye tishu ko guntun takarda a gefe kana goge tsinin bayan kowane ɗan lokaci. Ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka, saboda gumi da maiƙon fata suna hana tawada kamawa, hannun kuma yana jan wadda ba ta bushe ba. Da sanyin hunturu tawada takan daskare ta riƙa yankewa, sai ka murza biron a tafin hannu ya ɗumama. Da zafin bazara kuma takan saki, har biro ya yi amai a aljihu. Takarda mai santsi da ɗan kauri ta fi dacewa, kuma ka shimfiɗa wasu biyu ko uku a ƙarƙashinta don tsinin ya sami taushi.

Yanzu batun gogewa, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayarka. Na daɗe ina lura da masu koyo da fensir: ɗalibi zai ja layi ɗaya, ya goge, ya sake ja, ya sake gogewa, idonsa yana kan takarda da magogi, abin da yake zanawa kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Mai biro ba shi da wannan mafita, dole ya duba sosai kafin ya ja, ya auna tsawon wannan da faɗin wancan da ido, kuma idan layin ya kauce sai ya ja daidai a gefensa ya ci gaba. Layin da ya kauce yana nan, kuma wannan alheri ne, domin bayan wata shida idan ka buɗe littafinka za ka ga irin kuskuren da kake maimaitawa, ko kana tsawaita wuya ne kullum, ko kana karkatar da gini zuwa dama. Wanda ya goge kurakuransa ya goge shaidar da zai yi gyara da ita. Shi ya sa nake son ka riƙa fita da ƙaramin littafi. Ka zauna a tasha ka zana teburin mai shayi, da gwangwanayen madara da aka jera, da butar da take kan wuta, cikin minti biyar, kafin wani ya zo ya tare maka. Ba don a rataye ake yin irin wannan zane ba, hannu da ido ake sabawa da juna, kuma daga cikinsa ne ake tsintar abin da zai zama babban aiki daga baya.

Manyan masu zane ba su raina biro ba. Alberto Giacometti, mai sassaƙa ɗan ƙasar Suwizalan, ya bar zane-zanen kawunan mutane da yawa da ya yi da biro, wasu a kan jarida da ambulan, layuka bisa layuka yana neman siffa. Alighiero Boetti na Italiya ya fara jerin ayyukansa na biro a farkon shekarun 1970, inda ake cike manyan takardu da ƙananan layuka har su zama kamar rinannen yadi. A nan gida akwai Oscar Ukonu da Jacqueline Suowari a Najeriya, da Enam Bosokah a Ghana, waɗanda aka san su da hotunan mutane na biro. Sai dai ina ba ka shawara kada ka fara da kwaikwayon masu zanen da yake kama da hoton kyamara, domin aiki ɗaya irin nasu yana cin makonni, kuma mai koyo ya fi ƙaruwa da zane hamsin na gaggawa a kan guda ɗaya da ya kwafa daga waya.

Fensir da gawayi suna da nasu wurin, musamman wajen koyon shimfiɗa inuwa mai faɗi, kuma ya kamata ka iya su. Abin da ban so shi ne ka riƙa zana komai da fensir tukuna sannan ka bi da biro a duk zanen gwaji, domin hakan ya dawo da kai ga dogaro da magogi.

Game da daɗewa, a nan ne biro yake da rauni na gaske. Launin yawancin tawadarsa rini ne, rini kuwa hasken rana yana cin sa. Na taɓa rataye wani zanen ƙofar gari da na yi da shuɗin biro a bangon da yake fuskantar taga, bayan 'yan shekaru siraran layukan da na fi wahala a kansu suka dushe, sai masu kaurin suka rage, kuma har yau ina jin zafin rashinsa. Zanen da yake rufe a cikin littafi yana daɗewa sosai. Wanda kake ji da shi ka ɗauki hotonsa da haske mai kyau ranar da ka gama, ka sa farar takarda tsakaninsa da na kusa da shi, ka ajiye a inda babu rana babu laima. Kada ka fesa masa turare ko wani abu mai sinadarin barasa, domin yana narkar da tawadar. Idan kuma wani zai saya, ka gaya masa tun farko da biro aka yi, ya rataye shi a bangon da rana ba ta kaiwa.