Hukuncin ɗanɗana naman alade ga ɗalibar ilimin abinci da za ta je horo Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun ilimin abinci da gina jiki, kuma na samu gurbin horo na wata shida a wata jami'a a Ingila, inda za a tura mu asibiti. Yayana yana zaune a garin, shi zai zo ya tafi da ni, kuma gidansa zan sauka. Za mu riƙa tsara wa majinyata abinci, har da masu cin alade da shan giya, sannan akwai darasin ɗanɗano. Wata da ta riga ni zuwa ta ce in na ɗanɗana na tofar babu laifi, kamar mai azumi da ke ɗanɗana miya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya sa albarka a karatunki. Tunda yayanki ne zai tafi da ke kuma a hannunsa za ki zauna, batun muharrami ya ƙare. Haramcin alade da giya kuwa kin san shi.

Aikin asibitin halal ne. Ki lissafa kitse da gishirin da ke cikin abin da majinyaci ya saba ci, ko ki nuna wa mai ciwon suga ko ciwon hanta cewa ya rage giya, duk wannan rage cuta ne, kuma kina da lada in kin kyautata niyya. Abin da nake hana ki shi ne ki zaɓa masa alade da hannunki alhali kifi, kaza, ƙwai ko wake za su biya buƙatar jikinsa.

Inda hukunci ya juya shi ne ɗanɗanon, kuma maganar da aka gaya miki kuskure ce. Miyar da mai azumi yake ɗanɗanawa halal ce mai tsarki, lokaci ne kawai ya shiga tsakaninsa da ita, da rana ta faɗi zai sha abinsa. Naman alade kuwa haramcinsa a jikinsa yake, yanka ba ya halatta shi, kuma najasa ne, don haka wanda ya sa shi a baki da gangan ya riga ya taɓa abin da aka ce ya nisanta ko da bai haɗiye ba. Ke ma kin fi ni sanin cewa ba a gane ɗanɗano sai an tauna, mai da romo sun gauraya da yawu, kuma babu tofarwar da ke fitar da su duka. Sannan ko ɗanɗanon mai azumin da aka kafa hujja da shi, malamanmu na Malikiyya sun karhanta shi saboda tsoron kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Ta yaya abin da aka karhanta a kan halal zai zama ƙofar halatta haram? Idan aka ce lalura ce, to lalurar da Alƙur'ani ya yi wa rangwame ita ce ta wanda yake tsoron halaka, kuma maki a darasi bai kai nan ba, balle ma akwai mafita. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini a jami'o'i. Ki rubuta wa mai kula da horonki tun kafin ki tashi, ki nemi a cire ki daga ɗanɗana alade da duk abin da aka zuba wa giya, a ba ki wani aikin a madadinsa, kuma ki adana amsarsa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba. Asibitocinsu suna buƙatar ma'aikaci ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa idan yana tare da majinyaci, don kariya daga ƙwayoyin cuta, saboda haka ki tambayi ko za a ba ki hannun riga na leda wanda ake sawa a yar. A watan Disamba kuma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su riske ki a bakin aiki, don haka ki nemi ɗakin salla tun ranar farko, ki shiga aiki da alwala. Ita kuma wadda ta ba ki waccan fatawa, ki isar mata da wannan cikin ladabi, kada ki mayar da shi abin gori. Wallahu a'alam.