Shin Motsa Jiki Yana Ƙara wa Ma'aikaci Ƙwazo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Katsina, kuma a zaune nake wuni gaban kwamfuta. Shugabanmu ya fito da tsarin motsa jiki na awa ɗaya kowace safiyar Asabar, yana cewa bincike ya tabbatar hakan zai ƙara mana ƙwazo. Shin gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar shugabanku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya kai ta inda bincike bai kai ba tukuna.

Ta fuskar lafiya babu tantama. Tun a 1953 likita Jerry Morris ya gano cewa direbobin bas na Landan, waɗanda aikinsu na zama ne, sun fi kwandastocinsu kamuwa da ciwon zuciya, domin su kwandastocin wuni suke suna hawa da saukar matakalar bas mai bene. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar matsakaicin motsa jiki, irin tafiya da sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako.

Batun ƙwazo ne bai daidaita ba. A 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan ma'aikata kusan 33,000 na wani kamfanin manyan kantuna, inda bayan wata 18 waɗanda aka ba shirin kula da lafiya suka ce sun ƙara motsa jiki, amma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen fashin aiki ko ingancinsa. Wani binciken da aka yi kan ma'aikatan Jami'ar Ilinoi ta Amurka ma haka ya nuna, har ya ƙara da cewa masu shiga irin wannan shiri da kansu yawanci dama sun fi sauran lafiya, abin da ke sa shirin cin yabon da ba nasa ba.

A ganina ka riƙa zuwa, amma awa ɗaya ba ta kai ko rabin minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ba. Ka cike giɓin da sauka daga Keke Napep kafin a iso ƙofar ofis, da kai fayil da kanka maimakon aiken masinja, da takawa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa lokacin azahar. Idan zafin Afrilu ya kankama, ka mayar da doguwar tafiya bayan sallar asuba. In kuwa kana da hawan jini ko ciwon suga, ka fara ganin likita kafin ka shiga gudun Asabar ɗin.